Mun Riƙe Sunaye, Mun Saki Hali

Babu abin da ya fi sauƙi a bakin mutumin Zariya kamar lissafin manya. Gardama na kaurewa tsakaninsa da Bakano ko Bakatsine a kan garin da ya fi wani, sai ya gyara zama ya shiga jero su. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. A Kwalejin Barewa Murtala ya yi karatu. A Samaru Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digirinsa. Nuhu Bamalli namu ne, Namadi Sambo namu ne, Tajuddin Abbas da ya hau kujerar shugaban Majalisar Wakilai a 2023 shi ma namu ne. Duk babu ƙarya a ciki, yabon gwani kuwa ya zama dole. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, 'yan uwa, shi ne mun zama kamar magajin da ya tarar da rumbu cike: kullum ɗiba yake yi, bai taɓa tambayar inda gonar take ba. Muna kiran sunayen nan a wajen taƙama, ba ma kiransu a wajen tarbiyya. Ni ma da ke wannan magana ina cikin masu jerowar, don haka ba daga kan tudu nake jifa ba.

Mu tuna yadda aka yi Sabon Gari da Samaru suka zama gari. Birni na da ganuwarsa da ƙofofinsa tun kaka da kakanni. Mu na waje kuwa baƙunta ce ta haife mu. Wajajen 1911 jirgin ƙasa ya iso Zariya da ma'aikatansa, 'yan kasuwa suka biyo bayansa: Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawan wasu garuruwa. Kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna, har yau sunan ɗaya daga cikinsu, PZ, bai bar bakinmu ba. A can Samaru kuma, a 1922 aka buɗe gonar gwaji ta Ma'aikatar Gona, daga baya kwalejin fasaha ta zo ta sauka kusa da ita, ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Lebura ya zo, kuku ya zo, akawu ya zo, malami ya zo, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Shi ya sa in ka natsu ka dubi jerin da muke alfahari da shi, za ka tarar da yawansu ba a nan aka yanke musu cibiya ba. Zuwa suka yi, aka karɓe su hannu bibbiyu, suka zama namu.

Dubi Alhaji Abubakar Imam. A Kagara aka haife shi a 1911, a Katsina ya yi karatu ya kuma fara koyarwa. Rupert East ne ya jawo shi Zariya a 1936 don aikin littattafai, a nan ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 shi ya zama editanta, kuma daga Zariya jaridar ke fita ta ratsa Arewa, mai boko ɗaya ya karanta wa zaure guda. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tukur-Tukur a 1945 ya tara gwanaye, cikinsu har da Nuhu Bamalli, wanda ya rubuta Bala da Babiya tun kafin ya zama ministan harkokin waje. A Zariya Imam ya kafa gida, a nan kuma ya rasu a 1981. Garin bai nemi takardar shaidar asali daga hannunsa kafin ya rungume shi ba. Aikinsa aka gani, halinsa aka auna.

Haka Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya zo a 1962 ya kafa sashen tarihi a jami'a. Ya musulunta, ya zama ɗan ƙasa, ya sa aka bi gidajen malamai ana tattara tsofaffin rubuce-rubucen da gara ke shirin cinyewa, ya koya wa 'ya'yanmu cewa tarihin ƙasar Hausa bai fara daga zuwan Gwamna Lugga ba. Daga hannunsa Dakta Yusufu Bala Usman ya fito. Jikan Sarkin Katsina Dikko ne. Da ya so, da ya zauna a inuwar sarauta ana yi masa fifita, amma ya zaɓi alli da allo. Da Murtala ya sa shi cikin kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1975, shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a kan abin da sauran suka amince da shi, suka rubuta nasu daban. Ba dole ne ka yarda da duk abin da Bala ya faɗa ba, da yawa ma ba su yarda ba, amma ba ka isa ka ce ya sayar da bakinsa ba. A Zariya ya ƙare rayuwarsa a 2005, yana kan bincike a cibiyar da ya kafa a Hanwa.

Makonni kaɗan kafin nan aka yi rashin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar, daga 1966 zuwa 1975. Likitan yara ne, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. Da mulki ya ƙare bai nemi wani birni ya ɓuya ba, Samaru ya dawo ya ci gaba da duba marasa lafiya. Kirista ne, haihuwar Ancau, tarbiyyar Wusasa, inda Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko a Arewa, ya fito. Uwar da ɗanta ke kwance da zazzaɓi ba ta tambayar inda likita ke ibada.

Abin da ya haɗa mutanen nan shi ne aiki ke gaba, suna na biye. Kuma a cikinmu suke zaune. Yaron Samaru na wancan zamani yana iya ganin shehun malami a kasuwa yana tayin tumatir, ko a sahun masallaci, ko a bencin coci, babansa ya nuna masa ya ce, "Ka ga wancan? Da karatu ya kai inda ya kai." Wannan nunin da yatsa makaranta ce mai zaman kanta, ita kuma muka rufe.

Akwai wata baƙunta da na fi so a riƙa ba yaranmu labarinta. A ƙarshen 1949 wata Baturiya, Mary Smith, tana tare da mijinta M.G. Smith, wanda ke binciken tsarin sarautar Zazzau. A Giwa ta haɗu da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo. Baba ba ta da sarauta, ba ta da boko, ba ta da dukiya. Amma baƙuwar nan ta zauna gabanta kusan mako shida tana rubuta abin da ke fitowa daga bakinta: yadda ake aure da goyo da ƙawance, yadda mahara ke kama mutane kafin zuwan Turawa, yadda zaman rinji yake, yadda mata ke sana'a a cikin gida. Littafin ya fito a 1954, bayan Baba ta riga mu gidan gaskiya, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in Turai da Amurka. Ku duba fa. Baƙuwa ta ƙetaro teku ta zauna gaban tsohuwarmu don ta san tana da abin faɗa. Mu kuwa yau kaka na tsakar gida tana ba da labari, jikoki sun toshe kunne da waya, mu iyayen ma ba mu ɗago kai ba.

Ba manya kaɗai garin ya yi wa rana ba. A 1958 wasu samari 'yan Kudu da ke koyon zane a kwalejin Samaru, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su kwaikwayi zanen Turawa ido rufe ba, sai sun haɗa da na gida. Duk mai ba da tarihin zanen zamani a Nijeriya ba ya tsallake sunan Zariya. Shola Ameobi da ya daɗe yana buga wa Newcastle ƙwallo a nan aka haife shi a 1981. Masai Ujiri kuwa, uwa 'yar Kenya, uba ɗan Nijeriya, a Ingila aka haife shi amma a Zariya ya girma, a filayenta ya koyi ƙwallon kwando, ya kuma ci moriyar wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya kwashe shekaru yana horar da yara a jami'a. A 2019 ƙungiyar Toronto Raptors da Masai ke shugabanta a lokacin ta ci kofin NBA. Me Zariya ta ba yaron nan? Fili a buɗe, da babba mai haƙurin tsayawa a rana. Filayen wasan unguwanninmu kuwa, ku da kanku kun san yadda muka yi da su. Mun yanka fuloti, mun jera shaguna, sa'an nan muna mamakin inda yaran suka koma.

To, yau wane ne babban baƙo a wurinmu? Wanda jiniya ta riga shi isowa. Tun daga Kwangila ake jin zuwansa, a tare hanya, mai kai mara lafiya asibitin Shika ya tsaya ya jira. A fito da 'yan makaranta tun hantsi a jera su a rana, mai zuwan bai iso ba sai la'asar, ya ɗaga hannu ta bayan gilashi ya wuce. In ya watsa kuɗi, dattijo mai furfura da sa'an jikansa su yi rige-rigen tsinta a ƙasa. A da baƙo kan zo ya tambayi gidan malami. Yanzu mu ke tambayar masaukin baƙo, mu yi dafifi a ƙofar otal. A da abin da ake nema wajen babban mutum shi ne albarka da kalma ɗaya da za a riƙe. Yanzu hoto ake nema, a ɗauka a sa a Facebook a rubuta "tare da maigida", ko da maigidan bai san sunanka ba. Mawaƙi ko ɗan fim ko mai barkwancin TikTok ya shigo gari, samari su bar shago, 'yan mata su tsallake Islamiyya. Ban zargi masu sana'ar ba. Nishaɗi ba laifi ba ne in an tsare mutunci, kuma Zariya ce ta haifi Ƙasimu Yero, wanda ya ba Arewa dariya bai zubar da girmansa ba. Ma'aunin ne ya lalace a hannunmu: mun daina tambayar me mutum ya yi, sai mutum nawa ke kallonsa.

Ku tuna irin waɗanda aka karrama a Samaru. A 1985 jami'a ta ba Nelson Mandela digirin girmamawa yana kurkuku, ba shi da kwabon da zai ba kowa, ba shi da kujerar da zai naɗa wani. A 1988 ta ba Alhaji Mamman Shata, don ta gane kalangu ma ilimi ne in yana gaban gwani. Malam Aliyu Namangi makaho ne, amma waƙarsa Imfiraji ta shiga lungu da saƙo, almajirai suka haddace, mata na rerawa a bakin murhu, ba tare da ya bi kowa yana roƙon a san shi ba. Yau kuwa ƙungiyar unguwa ko ta samari sai ta sa kafinta ya goge ɗan katako, ta kira shi lambar yabo, ta bi masu hannu da shuni ofis-ofis da shi, kowa ya san ambulan ake jira. Da girma ke bin mutum yana kaucewa. Yanzu mutum ke bin girma da kuɗi a hannu.

Akwai kuma wani ciwon da ba ma son taɓawa. Garin da baƙi suka gina ya koyi tambayar "ɗan ina ne?" Yaro an haife shi a Muciya ko Cikaji, ubansa ma a nan aka haife shi, da Hausa yake wasa da ita yake faɗa, amma ranar neman gurbin karatu ko aiki sai a ce ya je garinsu ya karɓo takarda, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Rikicin 1987 da na bayan zaɓen 2011 sun bar tabo. Gidajen da aka yi zaman amana da su shekara da shekaru wasu sun tattara sun tafi, waɗanda suka rage kuma kowa ya matsa unguwar da yake ganin nasa sun fi yawa. Nakan tambayi kaina, da yau aka kawo Masai yana ɗan ƙanƙane, zai sami garin da zai sake a cikinsa har ya kira shi gida? Kakanninmu suka ce baƙonka annabinka. Allah kaɗai ya san manyan goben da muka kora tun suna goye.

Kada mu yi saurin ɗora wa zamani laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa na gidajenmu ne. Daga hirar iyayensa yaro ke tsintar wanda ya isa a girmama. Wa muke ambata da sha'awa in an zauna cin tuwon dare? "Ɗan gidan wane ya fashe, ya sayi mota, ya kai uwarsa Umra." Ba mai cewa da wace sana'a. Malamin firamaren da ya koyar da unguwa guda ya wuce a kan tsohon babur, mu ce, "Allah sarki, Malam har yanzu bai samu ba," yaro na ji. Gobe ka ce masa ya dage da karatu, ya bi ka da ido kawai. Ai ka riga ka gaya masa abin da karatu ke jawowa.

Mun kuma koya wa namu da suka yi nisa gudun gida. Ɗan unguwa ya zama wani abu a Abuja ko Legas, ran da ya zo gaida mahaifiya, kafin ya cire takalmi zaure ya cika: wannan kuɗin haya, wannan na magani, wannan na ragon suna. Talauci gaskiya ne, ban raina mai buƙata ba, naka kuma sai naka. Amma da wuya ka ji wanda ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ga yaranmu, ka ba su rabin sa'a ka gaya musu yadda ka yi." Sai ya koyi shigowa da dare ya fita da asuba. Su ma manyan ba zan wanke su ba, don in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda ya yi karatu kyauta, aka ciyar da shi aka tufatar da shi da gumin manoman auduga da gyaɗa, bai kamata a ce sai lokacin zaɓe ko jana'iza ake ganinsa ba. Rabon shinkafa da azumi alheri ne, Allah ya ba da lada, amma bashin makaranta da makaranta ake biyansa. Ajin firamaren da ya zauna a ciki yana nan. In ya leƙa zai ga ko da rufi ko babu.

Duk da haka ban ce alheri ya ƙare ba. Har gobe akwai masu aiki shiru a Samaru. Manomi a Giwa ko Funtuwa ko Saminaka yana shuka masara da wake da dawa da aka inganta a Cibiyar Binciken Aikin Gona, su SAMMAZ da SAMPEA da SAMSORG, bai san fuskar wanda ya yi shekaru yana tankaɗe da rairaya kafin irin ya iso gare shi ba. Waken nan mai jure tsutsa da aka amince da shi a ƙarshen 2019 daga hannun Farfesa Muhammad Ishiyaku da abokan aikinsa ya fito. Matuƙan jirgin sama da yawa na ƙasar nan a Palladan suka fara tashi, a kwalejin da aka kafa a 1964, har da Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgi a Nijeriya. Irin waɗannan maƙwabtanmu ne, muna haɗuwa da su a layin mai da wajen ɗaurin aure. Yaranmu nawa suka san sunan ko ɗaya? 'Yan wasan Barcelona kuwa har na benci sun haddace.

Gyaran ba ya jiran kwamiti ko kasafin kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a tsakar gida kuma iccen yake. Uba ya kula da wanda yake yabo a gaban 'ya'yansa. Uwa ta bar auna surukin maƙwabta da mota a kunnen 'yarta. In an ce wane zai zo a watsa kuɗi, maigida ya hana yaransa fita, shi ma ya zauna, don yaro ba ya barin abin da ya ga babansa na yi. In an yi hutu a ɗauke su a kai su masallacin Juma'a na birni da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, su ga Tukur-Tukur, su ga tsohuwar tashar jirgi, su ga tsohon cocin Wusasa, a gaya musu wa ya yi me. Kuɗin Keke Napep ne kawai. Sabon maƙwabci in ya tare, ko daga ina ya fito, a aika masa da tuwo ran farko yadda iyayenmu ke yi, yaran kuma su za a ba kwanon su kai.

Sa'an nan tsofaffinmu. Har yanzu a Hayin Dogo da Bomo da Dogarawa da Jushi ba a rasa waɗanda suka yi aikin reluwe, da waɗanda suka jera haruffa a maɗaba'a, da matan da suka yi aikatau a gidajen malaman jami'a na farko, da direbobin da suka ɗauko manyan baƙi daga Kaduna. Sun ga mutanen da muke jerowa ido da ido, sun san mai amsa gaisuwa da mai wucewa, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci da abin da ke cikinsu. Wayar da ke hannun ɗanka tana ɗaukar murya. Ka tura shi wajen kakarsa, ko wajen tsohon nan da ke zama a ƙofar masallaci, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a ba ni labarin da," ya danna ya yi shiru. Mako shida Mary Smith ta yi a gaban Baba ta Karo. Dogon hutun makarantun yaranmu ma yakan kai haka.